Rana ce ke dafa injin tsohuwar mota, ko wani ciwo ne take tonawa?

Duk shekara, da zarar watan Afrilu ya kama kuma zafin Yamai ya fara haura digiri 40, sai tambaya ɗaya ta dawo bakin masu motoci a garaji da tashoshi da wuraren shan shayi: me ke sa injin tsohuwar mota ya yi zafi har ruwansa ya tafasa, kuma me ya kamata a fara dubawa? Amsar da aka fi ji ita ce laifin rana ne, wai motocin da aka ƙera domin sanyin Turai ba za su iya da bazarar Nijar ba. A kan wannan amsa ake yanke hukunci biyu da suka zama ruwan dare, wato a cire kalorsta, ƴar ƙofar da ke daidaita zafin ruwan inji, a jefar, sannan a haɗa wayar fanka kai tsaye domin ta yi ta juyawa ba tsayawa. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta bayyana dalilin da ya sa za a ga taksi biyu ƙirar Starlet, sa'annin juna, a cikin cunkoso ɗaya a bakin gadar Kennedy, ɗaya allurarta mai nuna zafin inji na zaune a tsakiya, ɗaya kuwa tururi na fitowa daga ƙarƙashin kapo, wato marufin da ke saman inji.

Inda zafin yake fitowa da inda ya kamata ya tafi

Inji yana ƙona mai ne a cikinsa, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku kawai na ƙarfin da ke cikin man ke zama tafiya. Wani kason kamar haka yana fita ta bututun hayaƙi, sauran kuwa yana shiga jikin ƙarfen injin, kuma dole a kwashe shi, in ba haka ba ƙarfen ya lalace. Ruwa ne ke wannan aiki. Famfon ruwa, wanda igiyar roba da makanikai ke kira kuruwa take juyawa, yana tura ruwan ta cikin hanyoyin da aka bari a gangar injin da kuma kansa, wato kilas. Daga nan ruwan yana bi ta babban tiyo na sama ya shiga radiyatar, ya ratsa siraran bututu masu yawa waɗanda iska ke kaɗawa, ya huce, ya koma ta tiyo na ƙasa. Idan mota na gudu, iskar hanya ta wadatar. Idan tana tsaye ko tana jan jiki, fanka ce ke jawo iskar.

Akwai ƙananan abubuwa biyu a wannan hanya da aka fi raina wa, alhali su ne ke riƙe da tsarin. Na farko shi ne kalorsta, wanda wasu ke kira termosta, ƴar ƙofa ce da ke rufe hanyar radiyatar lokacin da injin yake da sanyi, ta buɗe da kanta idan ruwan ya kai zafin da aka buga a jikinta, galibi tsakanin digiri 82 da 88. Na biyu shi ne murfin radiyatar, wanda aikinsa bai tsaya ga hana ruwa zubewa ba. A cikinsa akwai ƙarfe mai lanƙwasa da roba da ke riƙe matsi, kuma lambar da ake gani a samansa, 0.9 ko 1.1, ita ce adadin matsin. Ruwa a buɗe yana tafasa ne a digiri 100, amma a ƙarƙashin wannan matsi sai ya kai kusan digiri 120 kafin ya tafasa. Tunda injin lafiyayye yakan yi aiki ne a wajajen digiri 85 zuwa 100, wannan ƙarin digiri ashirin shi ne tazarar da ke tsakanin tafiya lafiya da tsayawa a gefen titi.

Rabon rana a cikin laifin

Radiyatar yana fitar da zafi ne gwargwadon bambancin da ke tsakanin zafin ruwan da ke cikinsa da zafin iskar da ke ratsa shi. Idan ruwan yana digiri 95 kuma iska tana digiri 20, kamar da safiyar watan Janairu, bambancin digiri 75 ne. Idan iska ta kai digiri 45 da azahar ɗin watan Mayu a Tawa, bambancin ya sauko zuwa 50, ma'ana radiyatar ɗaya ɗin nan ya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ba tare da komai ya lalace ba. Idan kuma an kunna kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota, iskar tana fara ratsa radiyatar ɗin kilim da ke gaba, ta ƙara ɗaukar zafi kafin ta iso.

Masu ƙera motoci sun san da wannan, shi ya sa suke barin rara. Motar da hanyar ruwanta ke da tsabta, fankarta na aiki, murfinta na riƙe matsi, tana iya ratsa bazara ba tare da allura ta motsa sosai ba. Amma motar da ta yi shekara ashirin ko talatin, wadda ta gama yayinta a Turai kafin a sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Lome, ta riga ta cinye wannan rarar a hankali: tsatsa ta rage faɗin bututu, ƙura ta cika tsakanin haƙarƙarin radiyatar, robar murfi ta bushe. A lokacin ɗari ba a ganin komai domin sanyin iska yana rufa mata asiri. Abin da bazara ke yi shi ne ta ɗage wannan rufin, saboda haka tambayar da ta dace ita ce wane ɓangare ne ya gaza, kuma ta yaya za a gane shi kafin a fara kwance ƙarfe.

Lokacin da allura ke hawa shi ne ke nuna wurin ciwo

Makanike mai hankali, kafin ya ɗauki kile, wato sifana, yakan tambayi mai mota a wane hali allurar ke hawa, domin amsar wannan tambaya ita ce rabin bincike. Abin takaici, da yawa daga cikin masu motoci ba sa lura, sai dai su ce tana zafi kawai.

Idan allura tana hawa ne a cikin cunkoso, a gaban wutar ba da hannu ko a kewayen Katako da Wadata, sannan ta sauko da zarar an samu hanya an taka, to matsalar ta iska ce, kuma fanka ce abar tuhuma ta farko. A ƙananan motoci irin su Starlet da Corolla fankar ta lantarki ce, kuma kafin a ce ta mutu sai an duba fizibil, wato fis, da rele mai sakar mata wuta, da ƴar na'urar da ke jin zafin ruwa ta ba ta umarnin tashi, da kuma wayoyin da zafi ya gasa. Gwaji mai sauƙi shi ne a bar injin yana aiki a tsaye, ana kallon allura, a ga ko fankar za ta tashi da kanta. A manyan motoci irin su Hilux da Land Cruiser, injin ne ke juya fankar ta wani maɗauri mai ɗauke da mai mai kauri a cikinsa. Idan wannan man ya tsiyaye, za a ga fanka tana juyawa kamar lafiya lau alhali ba ta jan iskar kirki. Ana gane ta idan aka kashe injin yana da zafi, aka juya ta da hannu, aka ji ba ta da wata turjiya. Sai kuma wani abu da ake yawan yarwa a garaji bayan gyara saboda an ga kamar ado ne, wato zoben roba da ke kewaye da fanka. In babu shi, fankar tana jan iska ta gefe maimakon ta cikin radiyatar. Akwai ma inda ake sayo fanka ta kasuwa a juya wayoyinta, ta koma tura iska gaba tana faɗa da iskar hanya.

Idan kuwa mota lafiya take a cikin gari, amma da an bar Yamai an kama hanyar Doso da Dogon Dutsi, ko an fara hawa da gangaren ƙasar Adar tsakanin Ƙonni da Tawa da cikakken kaya, sai allura ta fara tafiya sama a hankali, to iska ta wadata, ruwan ne ba ya gudana yadda ya kamata ko radiyatar ba ya iya sauke abin da aka ɗora masa. A nan ana neman toshewa ta ciki da ta waje. Ta waje ita ce ƙura da ƙwari da ƙaiƙayi da guntayen leda da ke maƙalewa, musamman a tsakanin radiyatar ɗin kilim da na inji, inda ido ba ya kaiwa sai an kwance. Ana wanke ta ne daga baya zuwa gaba, da ruwa mara ƙarfi sosai, domin haƙarƙarin suna da laushi. Ta ciki kuwa ana gane ta idan aka kashe injin bayan ya ɗumama, aka shafa fuskar radiyatar da hattara nesa da fanka, aka ji wani yanki da zafi wani yanki da sanyi. Yanki mai sanyin nan bututu ne da ruwa ba ya bi. Haka nan fikafikan famfon ruwa suna iya cinyewa saboda tsatsa har su kasa turawa, kuruwa tana iya sakewa ta riƙa zamewa, kuma tsohon tiyo na ƙasa da ya yi laushi yana iya shaƙewa ya manne idan injin ya yi gudu, sannan ya koma daidai da an tsaya, har mai dubawa ya rantse babu abin da ya same shi.

Hali na uku shi ne allura ta haye cikin ƴan mintuna da tayar da mota, ko da sassafe ne. Idan a lokacin tiyo na sama da radiyatar suna da sanyi alhali injin na ƙuna, kalorsta ce ta maƙale a rufe. Idan kuma abin ya fara ne bayan an canza ruwa ko tiyo, mai yiwuwa iska ce ta tsaya a cikin hanyar, sai an fitar da ita.

Hali na huɗu shi ne wanda aka fi sabawa da shi har aka daina ɗaukarsa ciwo: mota mai shan ruwa, wadda kullum da safe sai an ƙara mata lita ɗaya ko biyu. Hanyar ruwa rufaffiya ce, kuma lafiyayyar mota tana iya yin watanni ba a ƙara mata komai ba. Duk ruwan da ya ragu wani wuri ya bi, ko ta bakin tiyo, ko ta ƴar hudar da ke ƙarƙashin famfo, ko ta tsagewar kan radiyatar na roba, ko ta murfin da ya daina riƙe matsi. Farin tabo ko jan tabo da ya bushe a jikin ƙarfe yakan nuna wurin, kuma garajin da ke da famfon hannu na gwada matsi yana iya gano shi injin na sanyi. Ya kamata kuma a tuna cewa ita kanta allurar tana iya yin ƙarya idan na'urarta ko wayarta ta lalace, kuma ƙaramin ma'aunin zafi da ake haskawa daga nesa yana raba wannan gardama nan take.

Ruwan da ake zubawa

Yawancin toshewar ciki daga ruwan da muke zubawa take farawa. Ruwan rijiya da na famfo suna ɗauke da gishiri da farar ƙasa da suka narke, wasu wurare kaɗan wasu da yawa, kuma duk wanda ya leƙa gindin tsohuwar butar shayi ya ga farin ɓawon da zafi ke bari. Irin wannan ɓawo ne ke taruwa a cikin bututun radiyatar da hanyoyin kilas, kuma motar da ke shan ruwa kullum, kullum ana ƙara mata sabon kaso. Ga shi kuma gangar tsofaffin injuna ta baƙin ƙarfe ce, kilas da famfo kuwa galibi na alminiyom, kuma ruwa zalla yana cin su duka biyu. Jan ruwa mai kama da laka da ake gani idan an buɗe murfi jikin injin ne ke narkewa.

Masu cewa ruwan kanti mai launi na ƙasashen ƙanƙara ne suna da hujja ta gefe ɗaya, domin ba mu da daren da ruwa zai daskare a inji, kuma gaskiya ne ruwa zalla ya fi gauraye saurin ɗaukar zafi. Abin da suka tsallake shi ne maganin tsatsa da ke cikin ruwan kantin, da kuma ƴan digirin da yake ƙarawa kafin tafasa: gaurayen rabi da rabi yana kaiwa wajen digiri 107 ko babu matsi. Ya kamata a karanta jikin galan a san ko wanda aka riga aka gauraya ne ko mai kauri ne da ke neman sirki, domin zuba mai kaurin tsantsarsa yana ƙara zafi ne, kuma sirkin da ruwan batir mara gishiri ake yi, wato tataccen ruwa, ba asid ba. Launi shi kaɗai ba shaida ba ne, tunda kowa na iya rina ruwa. Na gaske ɗin kuma guba ne mai zaƙi, don haka ba a barinsa a kwano inda yara ko dabbobi za su kai baki.

Game da ɗanyen ƙwai ko garin taba da wasu direbobi ke zubawa domin toshe yoyo, yana iya kai mota gari na gaba, amma abin da ya toshe ƴar huda zai toshe siririn bututu ma, kuma idan ba a wanke shi da wuri ba, tsugune ba ta ƙare ba.

Gardamar cire kalorsta

Masu cire ta suna cewa ƙasar zafi ba ta buƙatar ƙofar da ke tsare ruwa, kuma sun sha ganin motar da ta huce bayan an cire. Wannan gani nasu gaskiya ne, sai dai fassararsa ce ke da gyara: idan mota ta huce bayan an cire kalorsta, abin da hakan ya nuna shi ne waccan kalorstar ta lalace, kuma maganinta sabuwa ce. Lafiyayyar kalorsta tana hana injin yin sanyi fiye da kima ne kawai. Da ruwa ya wuce zafinta ta buɗe gaba ɗaya, kuma daga nan radiyatar da fanka ne ke da magana. A injuna da yawa ma tana da faifai na biyu da ke rufe wata gajeriyar hanya ta cikin gida idan ta buɗe, saboda haka cire ta yana barin wani ɓangare na ruwan ya yi ta zagaye a cikin injin ba tare da ya leƙa radiyatar ba, sai a samu akasin abin da aka nema.

Asarar cirewa ba ta bayyana a rana ɗaya. Da safiyar ɗari injin yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai fiye da ƙa'ida, man da bai ƙone ba ya gangara ya tsinka baƙin mai, ƙarfe ya ci ƙarfe. A kan hanya, inda babu sabuwa, cire wadda ta maƙale dabara ce mai kyau, kuma babu mai zargin direban da ya yi haka a tsakanin Abalak da Agadas. Amma idan an iso gari, gwada ta ba ya buƙatar komai sai tukunya da wuta: a jefa ta cikin ruwa a dafa, idan ba ta buɗe sosai ba kafin ruwan ya tafasa, ta mutu. Haɗa fanka kai tsaye ma haka yake, yana ɓoye ainihin abin da ya lalace, yana wahalar da batir, yana kuma gajarta ran fankar da ba a yi ta domin ta juya daga safe zuwa dare ba.

Juwan kilas

Wannan ita ce kalmar da mai mota ke tsoron ji. Juwan kilas shi ne shimfiɗar da ke tsakanin gangar inji da kansa, mai raba wuta da ruwa da baƙin mai. Sau da yawa ƙonewarsa sakamako ne na zafin da aka yi ta tafiya da shi, domin kilas na alminiyom yana lanƙwashewa idan ya gasu. Amma da zarar ya ƙone, shi ma ya zama sanadi, tunda hayaƙi mai zafi yana shiga cikin ruwa ya kore shi waje. Alamominsa su ne kumfa da ke ta ɓulɓulowa a bakin radiyatar idan aka tayar da injin yana sanyi, tiyo da ke yin tauri tun kafin ruwa ya ɗumama, farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, baƙin mai da ya koma fari-fari a jikin murfinsa ko sandar awo, ruwa na raguwa babu tabo a ƙasa, ko buji, wato fulogi, ɗaya da ya fito fes a tsakanin ƴan'uwansa masu baƙi. Ba lallai ne su haɗu duka ba, kuma alama ɗaya ba ta isa a kwance inji ba. Gwajin matsin kowane silinda, ko wani shuɗin ruwan gwaji da ke komawa rawaya idan hayaƙi ya taɓa shi, su ne ke tabbatarwa.

Idan ta tabbata, canza juwan kaɗai bai wadatar ba. Sai an kai kilas an auna ko ya lanƙwashe, a goge shi ya daidaita, a ɗaure kusoshinsa bi da bi da kile mai awon ƙarfi, sannan a koma a nemo abin da ya fara kawo zafin. Wanda ya tsallake wannan mataki na ƙarshe yakan dawo garaji kafin damina ta faɗi.

Akwai kuma dalilan da ba sa cikin hanyar ruwa sam: ƙarancin baƙin mai, wutar buji da aka saita ta makara, karburatar da ke ba da mai kaɗan iska da yawa, bututun hayaƙi da ya toshe, birkin da ke riƙewa, da lodin da ya fi ƙarfin motar, wanda a tashoshinmu ba baƙon abu ba ne.

Abin da ke kan mai mota

Ga mai taksi ko mai faba-faba, wato ƙaramar bas ta haya, kwana ɗaya a garaji kwana ɗaya ne babu kuɗin cefane, kuma rufe iyakar Benin a shekarar 2023, wanda ya sa kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, bai sauƙaƙa samun kayan gyara ba. Wannan ne ke sa a fi son dabarar yau a kan gyaran gobe, kuma ana iya fahimtar haka. Sai dai lissafin ya fi karkata ga bincike daga mai arha zuwa mai tsada: yawan ruwa da launinsa, murfi, fizibil da fanka, kuruwa da tiyo, wanke radiyatar, kalorsta, famfo, sannan a ƙarshe kilas. Murfi da kalorsta a haɗe ba su kai ko kusa da kuɗin aikin kilas ba, balle na sabon inji.

Idan kuma allura ta hau ana cikin tafiya, abin yi shi ne a kashe kilim, a kunna na'urar ɗumama cikin mota har ƙarshe idan ba a yanke tiyonta ba, domin ita ma ƙaramin radiyatar ce, a nemi gefe a tsaya. Idan na'urar ɗumamawar ta huro iska mai sanyi alhali injin na ƙuna, ko allura ta faɗo farat ɗaya bayan ta kai ja, ruwan ne ya ƙare har na'urar da ke jin zafin ruwa ba ta taɓa shi, kuma dole a kashe injin nan take. Ba a buɗe murfi sai an jira aƙalla rabin awa, tiyo na sama ya saki, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana tafasa gaba ɗaya da an saki matsin, ya watsu a fuska da hannu. Ba a kuma kwara ruwan sanyi a kan kilas mai zafi, domin yana iya tsagewa. Bayan ya huce, a ƙara ruwan a hankali injin na aiki, a leƙa ƙarƙashin motar a ga ko yana zuba, sannan a yanke shawarar ko za ta iya kaiwa gari mafi kusa a sannu ko kuwa jan ta za a yi.